Shekarar Faranti a Filin Rudu

Da sunan Allah nake farawa, kuma ku 'ya'yana da jikokina nake rubuta wa wannan babi, domin na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa nan lokacin da abin ya faru. Kwanan baya wata jikata ta dawo daga biki a Jega tana kuka, wai an nuna ta da baki an ce jikar Garba ce, wanda ya ruɓar da albasar mutane da farantin 'yarsa. Ina da rai ke nan har labari ya kai haka. In na mutu kuwa, sai a ce da hannuna na bi ina zuba wa albasar ruwa. Gara in faɗi nawa tun bakina yana motsi.

Sana'ata ajiya ce. Ina da fili a bayan garin Aliero, nesa da gidaje, inda nake kafa rudu, wato ɗan rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa albasa. Manoma daga Kimba da Dangamaji, har da na Kuberi can wajen Maiyama, sukan kawo mini albasarsu bayan an cire ta da bazara, in riƙe musu amana har ta yi daraja. Doka ɗaya gare ni, ita ce ta jawo mini sunan Garba Zazzage: ba buhun da ke shiga filina sai an zazzage shi a ƙasa na duba ɗaya bayan ɗaya. Na san halin mutane da buhu. Manya masu sheƙi a baki, a gindi kuwa sai wadda fartanya ta sara da wadda ta fara laushi, kuma guda ɗaya mai ciwo ta isa ta lalata rudu. Na zazzage na ƙanena, na zazzage na limamin unguwarmu, ban ji kunyar kowa ba. An ce zato zunubi. To, ni ba na zato, dubawa nake yi.

Wanda ya fi kowa shan wannan hali nawa shi ne Alhaji Bawa na Kimba, aminina tun muna samari muna bin jakuna zuwa kasuwar Jega. Shi ne ya fara ba ni ajiya, kuma bakinsa ne ya jawo mini sauran manoman. Duk shekara sai ya kawo, duk shekara sai na zazzage, shi kuma ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallona.

"Kai dai Garba, ko ruwan Zamzam anka kawo maka sai ka tace shi," in ji shi.

"In an kawo shi cikin buhu, ƙwarai kuwa," na ce masa.

Haka muka tsufa, yana zolayata ina zazzage masa kaya, ba mu taɓa saɓawa ba sai shekarar da Sa'adatu ta zo da farantinta.

Sa'adatu ita ce 'yata ta uku, uwar wasu daga cikinku. Ilimin taurari ta karanta, ta yi nisa har ƙasashen waje, ta dawo tana koyarwa a jami'a, da mijinta da 'ya'yanta. Ban taɓa fahimtar aikinta ba, ban kuma matsa da tambaya ba, tunda can take yin abinta. Sai ga shi wata bazara, ana tsakiyar cika rudu, ta iso a mota da wani faranti irin na talabijin amma ya fi shi faɗi, da ƙafar ƙarfe da wani mai walda ya haɗa mata a Jega. Ta ce tana roƙon in ba ta gefe a filina ta kafa, domin a cikin gari injinan wuta da dogayen ƙarafan waya suna cika masa kunne da hayaniya, shi kuwa wuri shiru yake so. Na ba ta, don ba a hana ɗa ƙasar ubansa. Amma tun a ranar raina bai kwanta ba. Faranti ba talabijin a jikinsa, sai waya guda da ta shiga kwamfuta. Na kowa yana fuskantar waje ɗaya ya tsaya, nata kuwa yau nan gobe can. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai taurari ake nema, amma da hantsi take zuwa, rana tsaka tana zaune gindin bedi, wato itacen dogon yaro, tana kallon allon kwamfutar. Na ce a raina, da walakin goro a miya. Lokacin kuwa ƙasa ta cika da maganar masu kai wa ɓarayin daji rahoto da masu neman zinariya a gonakin mutane. Ban zargi Sa'adatu da mugunta ba, na san abin da na haifa. Abin da na ji tsoro shi ne kada wasu masu wayo su ɗora mata kaya ta ɗauko ba ta san abin da ke gindin buhun ba.

Na kira ta tsakar gida bayan la'asar, uwarta Kulu tana tankaɗe a gefe.

"Ke Sa'adatu, hwaɗa mini gaskiya. Abin ga mi shika saurare? Kuma wa ac ce ki kawo shi nan?"

"Baba, ba wanda yac ce. Ni nika son in koya ma ɗalibaina da shi. Inna, ara mini hwaihwanki."

Kafin Kulu ta amsa ta zare faifan daga hannunta, ta ɗebo toka a murhu, ta durƙusa gabana. Ta tambaye ni ko na san farin layin nan da ke ratsa sama kamar an watsa gari, wanda malamai ke kira Majarra. Na ce wanda ya yi shekaru yana fita sallar asuba a filin Allah ba a tambayarsa wannan. Ta ce to ai gidanmu ne, taron taurari ne marasa iyaka a shimfiɗe kamar faifan nan, rana tamu ɗaya ce daga cikinsu, tana nan wajen da ya wuce rabi zuwa baki. Don muna ciki ne muke ganinsa layi. Sannan ta ce baƙaƙen wuraren nan da ke cikin farin, waɗanda nake ɗauka ramuka ne ko yagewa, ba ramuka ba ne. Gajimare ne na iska mai tsananin sanyi da ƙura, sun yi kauri har sun tare hasken da ke bayansu. Saboda sanyi da cunkoso, ƙwayoyin iskar sun manne bibbiyu, kuma a cikin irin wannan gajimare ne sababbin taurari ke kunnuwa. Aikinta, in ji ta, shi ne sanin inda suke da inda babu su, domin ba a watse suke ko'ina daidai ba. Ta tara toka a cibiyar faifan, ta bar ɗan fili kusan wayam a kewayenta, sannan ta zuba mai yawa ta zagaye tsakanin cibiya da inda ta ce muke. Daga nan ta ja siraran layuka masu lanƙwasa suna bin saƙar faifan, suna raguwa har bakin ya zama sai ɗigo-ɗigo. Ta ce duk a kwance suke cikin shimfiɗa siririya, ba sa tashi sama ba sa nutsewa ƙasa, sai can baki inda shimfiɗar ta ɗan karkace irin na tsohon faifai.

"Hwaihwaina dai ba tsoho ba na," in ji Kulu. "Kuma ke za ki wanke shi."

Ni kuwa na kalli tokar nan na ga kyanta ya yi yawa. Duk abin da aka jera mini shi tsaf, nan nake fara neman inda aka ɓoye ruɓaɓɓiyar.

"To, tsaya. Kin ce muna ciki. Wa ah hita waje yag gano siffatai yad dawo? Kuma hwarantin ga naki shi ag gane miki duk wanga?"

Ta yi dariya ta ce babu wanda ya fita. Ta ce iskar tana fitar da wani amo da kunne ba ya ji, yana ratsa ƙura, yana zuwa dare da rana, kuma daga yadda amon ke sauyawa ake lissafa tafiyar gajimaren da nisansa, kamar yadda kukan babbar mota ke bambanta in tana tahowa da in ta wuce. Ta ce nata ɗan farantin ba ya ma jin masu kaurin, sai siririyar iskar da ke kewaye da su, wadda ita ma ta fi yawa a kan layin. Masu kaurin sai manyan faranta da ke kan duwatsu masu tsawo a wasu ƙasashe, daga can ake aiko mata da abin da suka ji. Sai ta sa yatsa ta share tokar da ke bayan cibiya, ɓangaren da ya fi nisa da mu.

"Nan kau, Baba, ba mu da tabbas sosai. Cibiya ta tare muna. Akwai wuraren da har yau masana ba su daidaita ba."

Wannan magana ita ta fara sassauta ni. A duk shekarun da na yi ina karɓar kaya, ban cika ganin mai buhu ya sa hannu da kansa ya ciro mai ciwo ya nuna mini ba. Amma sassauci ba yarda ba ne. Na ce mata gobe zan zazzage buhunta.

Da asuba na tsaya a filin na lura da inda layin ya kwanta, na kuma san yadda taurari ke gangarawa yamma, don haka na ƙiyasta inda zai kai da hantsi ba tare da na tambaye ta ba. Da ta zo, na kafa zana tsakaninta da farantin, na zaunar da ita ta ba shi baya, ita da allonta. Na duba ƙafar ƙarfen sama da ƙasa ko akwai abin da ke tsegunta mata inda na juya, ban ga komai ba sai walda. Sannan na kama farantin da hannuna na nufi inda na ƙiyasta.

"Kana bisa hanya, Baba," ta ce daga bayan zana.

Na karkata shi can gefe a hankali, yadda ko ƙara bai yi ba.

"Ka kauce. Ya rage ƙwarai."

Na mayar, ta faɗa. Na yi kamar na juya, na buga ƙafa, ban juya ba, ta ce yana nan inda yake. Na yi ta yi mata dabaru har gumi ya jiƙa mini riga. Daga ƙarshe na ɗauko kwanon ƙarfen da nake shan ruwa na kifa a kan ɗan abin da ke tsakiyar farantin.

"Baba! Mi kas sa mishi ga baki?"

Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Ga sama fayau ba tauraro ko ɗaya, ga rana tana dukan ƙeya, amma akwai abu a can, kuma 'yata tana jinsa. Na ji tsoron Allah ya kama ni, na kuma ji alfahari irin wanda ban taɓa ji ba. Ban ce na gane wa wannan ilimi zai ciyar ba, har yau ban gane ba. Abin da na tabbatar shi ne farantin saurare kawai yake yi, sama yake saurare, kuma abin da ta ce yana yi shi yake yi.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa na ba-zata tun damina ba ta kama ba, zafi mai gumi ya biyo baya. Sai wari ya fara tashi a filin. Na buɗe rudu na ga ruwa yana ɗiga ta ƙasa. Muka yi ta tsincewa muna shanyawa, amma ɓarna ta riga ta yi yawa, kuma rudun Bawa na cikin waɗanda suka fi taɓuwa. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari. Wasu suka ce farantin yana jawo zafin rana yana zubawa a kan albasa. Wasu suka ce wata wuta yake fitarwa da ido ba ya gani. Wata mata da ta leƙo gidanmu ranar da ake zuba toka a faifai ta ce da idonta ta ga ana duba irin na bokaye. Na ce musu albasa ta ruɓe a Maiyama ma, inda ba faranti. Suka ce ai Sa'adatu da bakinta ta ce yana kaiwa bayan taurari, Maiyama ce za ta gagare shi?

Ranar da suka zo mini a taro, Bawa ne a gaba. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa ba.

"Garba, shekara nawa muna aje kaya nan ba mu ga irin wagga ɓanna ba? Abu guda as sabo cikin hilin ga. Ka tumɓuke shi, mu kau mu bar sauran kayanmu, magana ta mutu."

"Bawa, na gwada shi da hannuna. Ba shi hidda komi, saurare ɗai shikai."

"Ɗiyarka ta, dole ka ce haka."

Wannan ta yi mini zafi fiye da zagi, domin ya fi kowa sanin ban taɓa ɗaga wa jinina ƙafa a kan buhu ba. Sa'adatu tana tsaye a bayana, ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, bari in ɗauke shi. Ina iya samun wani wuri. Kada sana'arka ta lalace sabili da ni."

Ku lura da nan, domin nan ne masu ba da labari suke karkatar da shi. Suna cewa taurin kai ne ya hana ni. Cire faranti ba wuya, kafin a sha fura an gama. Amma in na cire shi a ranar, a gaban taron nan, na sa hannu ke nan cewa shi ya ruɓar da albasa, kuma 'yata ce ta kawo wa mutane masifa. Wannan suna ba zai tsaya a filina ba, zai bi ta gidan mijinta, ya bi 'ya'yanta. Kuma zan zama na ba da shaida a kan abin da na duba na ga ba haka yake ba. Mutanen nan sun ba ni amanar kayansu ne don sun san ba na cewa mai kyau ruɓaɓɓiya ce, ko ruɓaɓɓiya mai kyau, don in faranta wa wani. Na ce wa Sa'adatu ta koma ta zauna. Na juya wajen Bawa.

"Ga zana nan, ga hwaranti. Zo ka juya shi da hannunka awa yadda niy yi. Ka sa albasa gabanai ta wuni, ka sa wata can nesa, mu gani. In ka samu ƙarya, ni da kaina nika kai shi ga maƙera."

Ya dubi farantin, ya dubi mutanen da ke bayansa, waɗanda shi ya kawo su wurina tun farko, kuma shi suke kallo yanzu da hasararsu. Ya matso kusa yadda ni kaɗai zan ji.

"In na juya shi nig ga gaskiyarka, mi za ni ce ma waɗanga?"

Bai taɓa shi ba. Washegari motoci da amalanke suka fara shigowa, kowa ya kwashe abin da ya rage masa. Na tsaya na ga an fitar da na kowa daidai. Kulu ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana mai daɗi ba, tana cewa na zaɓi kwanon ƙarfe na bar abincin gida, ko da yake ita ce kuma ta hana kowa zagin Sa'adatu a gidan suna. Farantin ya ƙarasa watanninsa, ɗalibai suka zo suka koya, Sa'adatu ta kwashe abinta a lokacin da ta tsara tun farko. Shekara ta zagayo ba faranti, amma ba wanda ya dawo. Filin da ke cika har ba wurin taka ƙafa ya koma rudu biyu uku na albasar gonata. Na ji ciwon wannan, ba zan ɓoye muku ba, amma bai kai ciwon Bawa ba. In mun haɗu a kasuwar Jega sai ya tsaya duba wani abu a rumfar da ba ya sayen komai, har in wuce. Na yi ta zarginsa a raina, ina cewa ya san gaskiya ya zaɓi mutane. Wataƙila shi ma yana can yana cewa na zaɓi 'yata na bar shi. Muka yi shekaru a haka, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sallama, har aka aiko mini da safe cewa ya rasu. Na je Kimba aka yi jana'iza da ni, na tsaya a sahun baya na dawo.

Da bazarar da ta biyo, ina zaune gindin bedin nan da Sa'adatu ke zama, sai ga babban ɗansa a kan babur da buhu guda a baya. Ya sauke, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, cikin ciwonai Alhaji ya bar wasiyya. Yac ce albasar hwarko da anka cire gonatai a kawo maka ajiya. Yac ce in hwaɗa maka shi yaz zaɓi irin da hannunai, kuma kada in ji haushi in ka zazzage, halinka na."

Ya sa hannu zai kwance bakin buhun, don duk Kimba an san dokata. Na riƙe masa hannu. Na ce ya kama mini mu ɗauka. Muka kai shi cikin rudu muka ajiye a ɗaure yadda ya zo, na ja ciyawa na rufe.

To, ku da za ku ji ana ba da labarin Garba Zazzage bayan ba ni, ga abin da za ku riƙe. Na zazzage na ƙanena, na zazzage na liman, na zazzage na 'yar cikina a gaban rana. A duk rayuwata buhu ɗaya ne ya shiga filina ban buɗe shi ba, kuma mai shi bai zo ya tsaya ya riƙe ƙugu ya gani ba.